Yadda Za Ka Fara Sauraron Joy Division

An kafa ƙungiyar mawaƙa ta Joy Division a yankin Manchester na Ingila a 1976, kuma ba ta wuce shekara huɗu ba, saboda haka kana iya bin tafiyarta cikin dare guda.

Ka fara da faifansu na farko, Unknown Pleasures, wanda kamfanin Factory ya fitar a 1979, ka saurare shi daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake waƙa ba. Ka kasa kunne ga jitar bas ta Peter Hook, wadda yake kaɗawa da siririn amo har ta zama ita ke jan waƙar, sannan ka lura da yadda Martin Hannett, furodusan faifan, ya ware sautin gangunan Stephen Morris, kowane bugu da sararinsa. A ganina, nan ne asirin kiɗansu yake.

Bayan haka sai faifansu mai suna Closer, wanda ya fito a Yulin 1980, wata biyu bayan mawaƙinsu Ian Curtis, mai fama da farfaɗiya, ya kashe kansa yana da shekara 23. Daga nan ka bi sauran 'yan ƙungiyar su uku zuwa New Order, sabuwar ƙungiyar da suka kafa.