Yadda ake duba manlif kafin a hau shi

Hausawa da dama a Jidda da Makka da Riyad suna neman abincinsu ne a saman manlif, na'urar da ke ɗaga ma'aikaci cikin kwando domin yin fenti, ko gyaran fitilu, ko wankin gilasan dogayen gine-gine. Ko mai almakashi ne da ke miƙewa tsaye, ko mai dogon hannu, ƙa'ida ita ce a duba shi kowace rana kafin fara aiki, kuma mai hawan ne zai duba da kansa, domin takardar da wani ya cike jiya ba ta san abin da ya faru cikin dare ba.

Ana fara dubawa ne injin yana kashe. A zagaya na'urar a leƙa ƙarƙashinta, saboda ɗigon mai a kan yashi shi ne alamar farko ta yoyon haidirolik, wato man da ke ɗaga kwandon. Zafin rana da ƙura suna busar da tiyo har ya tsattsage, musamman inda yake lanƙwasa a gaɓoɓin hannun, amma kada a laluba yoyo da tafin hannu, domin man da ke fita da ƙarfi yana iya huda fata. A kara guntun kwali a wurin. Daga nan sai tayoyi da notinansu, da wuraren walda ko akwai tsagewa, da ruwan batir, wanda ke saurin ƙafewa a lokacin zafi. A karanta farantin da ke jikin na'urar, inda aka rubuta nauyin da take ɗauka. Yawancin masu dogon hannu ba sa wuce kimanin kilo 230, kuma wannan ya haɗa da mutum da bokitin fenti da duk kayan aikinsa.

Gwajin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa, ana yin sa ne daga allon sarrafawa na ƙasa, kwandon babu kowa a ciki. A ɗaga shi, a sauke, a juya shi, sannan a danna jan maɓallin gaggawa a tabbatar komai ya tsaya cak. Bayan haka a ɗaga kwandon kaɗan, a kashe injin, a sauko da shi ta hanyar saukar gaggawa. Wajibi ne abokin aikin da zai tsaya a ƙasa ya yi wannan da hannunsa, domin idan na sama ya suma saboda zafi, ko ƙarfen rufi ya matse shi, ba lokacin neman littafin na'ura ba ne. A ganina, duk wurin da na ƙasa bai san inda abin saukar gaggawar yake ba, to ba a gama duba na'urar ba tukuna. Sai an kammala wannan ake shiga kwando a gwada birki da ƙararrawar karkata da abin takawa da dole a taka kafin na'urar ta motsa, wanda wasu ke tokarewa da katako don su hutar da ƙafa. A cire katakon, haka ma wayar da ake ɗaure ƙofar kwando da ita a buɗe. A kan mai dogon hannu, a sa ɗamarar tsaro mai gajeriyar igiya, a maƙala ta a zoben da aka tanada, ba a jikin ginin ba.

Ƙasar da za a taka ma tana cikin abin dubawa. Gidaje da yawa a Jidda suna da tankin ruwa ko ramin bayyara, wato ramin da ruwan masai ke taruwa, a ƙarƙashin tsakar gida, an lulluɓe shi da tayil mai kyan gani, alhali murfinsa ba zai ɗauki na'ura mai nauyin tan da yawa ba, saboda haka a tambayi mai gadi inda suke. A ɗaga kai kuma a dubi wayoyin lantarki, a bar tazarar da ba ta gaza mita 3 ba daga layin da bai wuce kilobolt 50 ba.

Iyakar iskar da aka yarda wa yawancin na'urorin waje ita ce mita 12.5 a daƙiƙa, wato kilomita 45 a awa, wasu ƙananan masu almakashi kuwa na cikin gini ne kawai. A auna ta da ma'auni a sama, inda ta fi ƙarfi. Mutanen Makka ba su manta da ranar 11 ga Satumba 2015 ba, lokacin da guguwa ta kayar da ƙugiyar gini a Masallacin Harami, mutum fiye da 100 suka rasu. Dokar Saudiyya ta kuma hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba.

Idan aka ga matsala, komai ƙanƙantarta, a zare makulli, a rataya alamar hana amfani a allon ƙasa, a rubuta abin da aka gani, a sanar da foman, sannan a bar gyaran ga makanikin da kamfanin hayar ya amince da shi.