Idan sunan tebur ya hana makro ɗinku aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu ajiye lissafin shinkafa da taki a Excel ko Access nan Kebbi.

Sau da yawa za ka rubuta SQL (yaren ciro bayanai daga tebur) a cikin VBA (yaren rubuta makro, wato jerin umarnin da Excel ko Access ke aiwatarwa da kansa), komai daidai, amma ya tsaya yana cewa akwai kuskure a sashen FROM. Duba sunan teburin tukuna. In akwai tazara a cikinsa, kamar Birnin Kebbi, injin yana ɗaukarsa abu biyu ne daban. Maganinsa ka saka sunan cikin baka mai kusurwa:

SELECT * FROM [Birnin Kebbi]

In shafin Excel ne kake karantawa ta ADO (hanyar da VBA ke bi ya karanta bayanai da SQL), ƙara alamar dala: [Birnin Kebbi$]. In kuma sunan shafin yana da ɗigo, a cikin SQL ɗin # ake sawa a madadin ɗigon. Sunan da ya ci karo da kalmomin SQL kansa, irin su Order, shi ma bakar yake so. A MySQL (wata manhajar ajiye bayanai) kuwa alamar ` ce ke wannan aikin.

Inda mu Hausawa muka fi shan wuya shi ne ƙ, ɗ da ɓ. Editan VBA ba ya riƙe su, sai ka liƙa Ƙidaya ka ga alamar tambaya ta fito. Ana haɗa su da ChrW, umarnin VBA da ke fito da harafi daga lambarsa: ƙ ita ce 409, ɗ 599, ɓ 595.

sql = "SELECT * FROM [Ku" & ChrW(599) & "i$]"

Ni dai in tebur sabo ne, Birnin_Kebbi nake sa masa, da haruffa marasa lanƙwasa. Wannan dabarar ta tsofaffin fayilolin da ka gada ce, waɗanda canza musu suna zai ɓata wasu makro ɗin.