Yadda za ku naɗa ma'aji a ƙungiya ba tare da "ai ɗan garinmu ne" ba

Duk wanda ya taɓa zama a mitin ɗin 'yan kasuwa a nan Legas, ko Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago, ya san yadda ake raba muƙami, wane ƙanin shugaba ne, wane surukin Alhaji ne, shikenan an gama zaɓe. Sarakunan Sin na da sun sha wannan ciwon kan, kuma dabararsu za ta yi muku aiki.

Da farko ku soke gado. A shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, Cin Shi Huwang, sarkin da ya fara haɗa ƙasar Sin wuri guda, ya raba ƙasarsa gunduma 36, shi ke naɗa mai riƙe kowace, shi ke cire shi, ɗa ba ya gadon kujerar ubansa.

Sai jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, nan ne fa abin yake. Daular Suwi ta fara ta wajen shekara ta 605 bayan haihuwar Annabi Isa kuma aka yi ta har 1905, amma a zamanin daular Song aka ƙara mata wani abu da ya burge ni, a liƙe sunan mai jarrabawa, sannan wani akawu ya sake kwafe amsar da hannunsa don kada mai duba takarda ya gane rubutun ɗalibinsa ya ɗaga masa ƙafa. To ku ma haka, ku ba masu neman ma'aji lissafin wata guda, kuɗin lodi, kuɗin shara, albashin mai gadi, kowa a ba shi lamba maimakon suna, a sa wani yaro ya buga amsoshin a waya, dattawa biyu su duba. Wallahi za ku sha mamaki wanda zai zo na ɗaya.

Sarakunan Sin na da ba sa tura ma'aikaci ya yi mulki a lardin da aka haife shi, kuma bayan kamar shekara uku a canja masa wuri. Kada ku bar ɗan Daura ya riƙa karɓar kuɗi a layin 'yan Daura, kunya za ta hana shi tambayar kawunsa.

Sarki Wu na daular Han kuma ya naɗa masu bincike 13 a 106 kafin haihuwar Annabi Isa, muƙaminsu ƙarami amma suna kai ƙarar gwamnoni fada kai tsaye. Ku zaɓi matashi guda mai tsoron Allah, duk ƙarshen wata ya karanta littafin ma'aji a gaban kowa bayan sallar la'asar.