Yadda ake karanta iyakar maki ta kemistiri a IGCSE, a kuma gwada ta da ta sauran darussa

Wanda ya saba da jadawalin da ake yaɗawa na WAEC, inda A1 ke farawa daga maki 75, C6 kuma daga 50, yakan ɗauka kowace jarrabawa haka take. Ta Cambridge IGCSE, jarrabawar sakandare ta ƙasa da ƙasa wadda wasu makarantun kuɗi a Abuja da Kano da Kaduna ke shirya ɗalibai dominta, ba haka take ba. Sai an gama makin takardu sannan manyan masu duba jarrabawar su zauna, su duba amsoshin ɗalibai da ƙididdigar shekarun baya, su tsayar da mafi ƙarancin makin da zai ba da kowace daraja. Idan tambayoyin bana sun fi na bara tsauri, iyakar ta sauka. Idan sun fi sauƙi, ta hau. Don haka ƙaramar iyaka a kemistiri ba ta nuna darasin yana da arha. Galibi shaida ce cewa takardar ta yi wuya.

Fara da samo takardun da suka dace. Bayan fitowar sakamako, a Agusta ga jarrabawar Mayu da Yuni, a Janairu kuma ga ta Oktoba da Nuwamba, Cambridge na wallafa jadawalin kowane darasi a shafinta da sunan grade thresholds. Lambar kemistiri 0620 ce, fiziks 0625, bayoloji 0610, lissafi 0580. Sauke na zango ɗaya, shekara ɗaya. Kada ka gwada kemistirin Yuni da lissafin Nuwamba.

Sai ka tantance layin da ya shafi ɗalibinka, domin a nan yawancin mutane ke ɓata. Kowace takarda tana da nau'o'i, saboda bambancin lokaci tsakanin ƙasashe: takarda ta 2 tana da 21 da 22 da 23, ta 4 tana da 41 da 42 da 43, kuma kowane nau'i da tasa iyakar. Takardar shaidar rajistar ɗalibi ce za ta nuna maka lambobin da ya rubuta. A ƙasan jadawalin za ka ga jerin haɗe-haɗen takardu. Nemi layin da ya yi daidai da nasa. Wannan layin ne ke yanke darajar da za ta fito a sakamako, kuma a nan kaɗai ake samun A*, daraja mafi girma, domin babu A* a matakin takarda guda.

Yanzu ga lissafin da ya fi muhimmanci. Darasin yana da matakai biyu: Core mai sauƙi, da Extended mai zurfi. Ɗalibin Extended a kemistiri yana rubuta takardu uku. Ta 2 ita ce ta zaɓi, wato zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu, tambaya 40 cikin minti 45, nauyinta kashi 30. Ta 4 ita ce ta rubuta amsa, maki 80 cikin awa ɗaya da kwata, nauyinta kashi 50. Sai ta 5, gwajin aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ko ta 6 da ke maye gurbinta a rubuce, maki 40, nauyinta kashi 20. Ɗanyen makin duka 160 ne, amma iyakar ƙarshe a kan 200 ake bayar da ita. Saboda haka makin takarda ta 2 ana ninka shi da 1.5, na ta 4 da 1.25, na ta 5 ko ta 6 kuma yana nan yadda yake.

A ce ɗalibi ya ci 34 a ta 2, 44 a ta 4, 24 a ta 6. Wanda ya tara kai tsaye zai samu 102, ya ɗora a kan jadawalin 200, ya tayar wa yaro da hankali a banza. Ainihin makinsa 51 da 55 da 24 ne, wato 130. Lura kuma da abin da wannan ke nufi ga karatu: maki ɗaya a takardar zaɓi ya fi maki ɗaya a kowace takarda nauyi. Malamai da yawa na barin ta zuwa makon ƙarshe suna ganin ta yara ce, wannan asara ce.

Da fiziks da bayoloji gwadawar ba ta da wahala, domin tsarin takardunsu iri ɗaya ne da na kemistiri, jimilla 200. Da lissafi sai an kula. Daga 2025 Extended ɗinsa takardu biyu ne masu maki 100 kowace, ɗaya ba a amfani da kalkuleta, alhali a baya 70 ne da 130, don haka tsofaffin iyakokin takarda guda ba sa haɗuwa da sababbi. Extended na lissafi kuma daga A* zuwa E ya tsaya, na kemistiri ya sauka har G. Darasin da jimillarsa ba 200 ba, raba iyakar da jimillar, ka ninka da 100, ka gwada kashi da kashi.

Kada a haɗa Core da Extended. Ɗalibin Core iyakarsa C ko da ya cinye takardar, kuma C ɗinsa na buƙatar kaso mafi girma saboda tambayoyinsa sun fi sauƙi. Haka nan ƙananan darajoji a takardar zaɓi kan yi kamar suna da tsada, alhali mai canka kawai cikin amsoshi huɗu yana iya tsintar kusan 10 daga 40.

Shekara ɗaya ba ta isa hujja ba. Ɗauki zango uku zuwa biyar, ka jera kashin A da na C na kowane darasi, ka ga tsakanin ina da ina suke yawo. Ware 2020 zuwa 2022 gefe: an soke jarrabawar Yunin 2020 saboda korona, kuma an sassauta a shekarun da suka biyo.

Ko bayan duk wannan, jadawalin ba zai gaya maka wane darasi ya fi wuya ba. Abin da ake ƙoƙarin kiyayewa shi ne A ta kemistirin bana ta yi daidai da A ta kemistirin bara, kuma ɗaliban da ke zaɓar kowane darasi ba iri ɗaya ba ne. Amfaninsa na gaskiya a gwajin share fage yake: ba ɗalibi tsohuwar takarda cikin lokacinta, ka duba ta da tsarin makin wannan takardar ba tare da sassauci ba, musamman a lissafin mol (ma'aunin adadin sinadari) da daidaita ikweshan na sinadarai inda ake zubar da maki, sannan ka auna shi da iyakar takardar ta wannan zangon. Wajen sa masa buri kuwa, ɗauki iyaka mafi tsada cikin shekarun da ka jera, ka ƙara maki biyar zuwa goma a kai.