Yadda ake shirya Ranar Keke ta Duniya a unguwa ba tare da jiran gwamnati ba

Mai sauraron rediyo da safe ya san da wuya mako ya wuce ba a ce "yau ce ranar kaza ta duniya" ba. Watan Yuni kuwa cike yake da su: ranar 3 ta keke ce, 5 ta muhalli, 14 ta masu ba da jini, 17 ta yaƙi da kwararowar hamada da fari, 19 ta cutar sikila. A nan Gombe mun san yadda akasarinsu ke ƙarewa. A buga riguna da huluna, a cika ɗakin taro, a karanta jawabi da Turanci, a ɗauki hoto, a raba lemo, kowa ya kama gabansa. Bayan mako guda rigar ta koma ta zuwa gona. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ba na cewa ranakun ba su da amfani. Amfaninsu shi ne suna ba ka dalilin ƙwanƙwasa ƙofar da a ranar banza ba za a buɗe maka ba. Idan ka je wurin shugaban makaranta ka ce kana son aron fili don yara su hau keke, zai dube ka sama da ƙasa. Idan ka ce ranar duniya ce, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware, sai ka ga ya gyara zama. Zan ɗauki Ranar Keke a matsayin misali, amma wanda ya iya shirya wannan zai iya shirya sauran.

Mataki na farko: ku zaɓi rana ɗaya, ku san asalinta

Kada ƙungiyar matasa ta ce sai ta raya kowace rana da ke kalanda. Ɗaya ta isa a shekara. Masu son ƙwallo suna da 25 ga Mayu, wadda Majalisar ta amince da ita a 2024. Akwai 6 ga Afrilu, ranar wasanni don cigaba da zaman lafiya, wadda aka ɗora a kan ranar da aka buɗe wasannin Olamfik na zamani a birnin Atina na Girka a 1896. Masu darar Turawa, wato ces, suna da 20 ga Yuli, ranar da aka kafa hukumarsu ta duniya a Faris a 1924. Har mu ma muna da tamu, Ranar Hausa ta 26 ga Agusta, wadda matasa suka fara a shafukan sada zumunta a 2015 ba tare da wata majalisa ta ba su izini ba.

Dalilin da ya sa na fifita keke shi ne kayan aikin suna gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kekunan da suka shekara suna tsatsa a zaure suka fara fitowa. Ka tsaya a bakin kowace makaranta a Jekadafari ko Tudun Wada da ƙarfe bakwai da rabi ka gani.

Asalin ranar gajere ne, kuma ya kamata duk wanda zai yi magana da sunan kwamiti ya haddace shi. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya ayyana 3 ga Yuni a watan Afrilun 2018. Ƙasar Turkmenistan ce ta gabatar da ƙudurin, bayan wani malamin jami'a ɗan asalin Folan mazaunin Amurka, Leszek Sibilski, ya daɗe yana fafutuka a kai. Shi kansa keken ya haura shekara 200 a duniya, in aka ƙirga daga na katako marar feda da Bajamushe Karl von Drais ya ƙera a 1817. Wannan ya isa. Ba lacca za ku yi ba.

Mataki na biyu: ku duba kalanda biyu

Ranar tana bin kalandar Miladiyya, mu kuma muna rayuwa da biyu. Watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka wata shekarar 3 ga Yuni za ta faɗo kusa da Sallah, wata shekarar ta yi nesa. Ku duba tun a watan Afrilu. Idan ta faɗo ranar aiki, ku kai ta Asabar mai zuwa. Kada ku ja ta baya zuwa Asabar ɗin ƙarshen Mayu, domin ta ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce. Ku tuna kuma lokacin jarrabawar WAEC ne, 'yan aji shida ba naku ba ne, kuma damina ta fara, wasu za su tafi shuka da sassafe.

Mataki na uku: kwamiti, sannan manya

Mutum biyar sun isa: mai jagora, mai riƙe kuɗi da littafi, mai kula da hanya, mai yaɗa labari, da mai gyaran keke. Wannan na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, alhali shi ne ginshiƙin taron. Mai facin bakin layinku ya san kowane keke a unguwar, ya san mai shi, ya san wanda ake bin sa bashin tib. Ku sa shi cikin kwamiti da mutuncinsa, ba a matsayin ɗan aike ba.

Daga nan sai gidan mai unguwa, tun ana saura mako huɗu. Ba a tura masa saƙon WhatsApp. A samu dattijo ɗaya ya raka ku bayan la'asar, a cire takalmi, a durƙusa a gaisa. Maganar ba ta wuce haka ba: "Ranka ya daɗe, yaranka ne suke son yin tattakin keke ranar Asabar kaza da safe, daga nan zuwa wuri kaza. Mun zo neman izini da albarka, muna kuma roƙon ka zo ka sallame mu." In ya amince, shi zai faɗa muku ko sai an sanar da dagaci ko hakimi. Sai liman: "Allah ya gafarta Malam, a taimaka mana da sanarwa bayan sallah." In unguwarku irin ta Bolari ce ko Tumfure, inda ake zaune da Kirista, ku je wurin fasto shi ma. Keke ba ya tambayar addinin mai hawansa, kuma taron da aka yi tare ya fi na ɓangare ɗaya albarka.

Mataki na huɗu: hanya

A nan ne zan daɗe, domin a nan ne abu ke lalacewa.

Gombe gari ne mai hawa da gangara. Wanda ya shigo ta hanyar Bauchi ya san yadda ake gangarowa cikin gari. Gangaren da direban mota ba ya ji, yaron da birkinsa takalminsa ne zai ji shi. Saboda haka kada a zana hanya a zaune a majalisa. Mai kula da hanya ya hau keke da kansa ya bi ta, a irin ranar da irin lokacin da za a yi tattakin, sau biyu in da hali. Ya lura da ramuka, da wuraren da ruwa ke tara yashi a kan kwalta bayan an yi ruwan dare, domin yashi ke kayar da mai keke fiye da komai. Ya kauce wa bakin kwari, ya kauce wa Babbar Kasuwa da tashoshin mota, ya kauce wa duk titin da tireloli ke bi. Kilomita biyar zuwa bakwai sun isa idan akwai yara. A zaɓi hanyar da za ta zagayo ta dawo inda aka tashi, ko ta ƙare a fili mai inuwa. In kuna sha'awar ƙarewa a filin wasa na Pantami, sai kun rubuta wa masu kula da shi tun da wuri.

Sai wasiƙu biyu: ɗaya ga hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, ɗaya ga DPO na yankinku. A rubuta rana, lokaci, hanya da adadin mutanen da ake tsammani, a kai da hannu, a sa a buga hatimi a kan kwafinku. Bayan mako guda a koma a tuna musu. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana kiran jama'a su rungumi keke, saboda haka ba baƙon abu za ku kai mata ba. Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne ya tuna da Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya dage sai 'yan Najeriya sun koma hawan keke, har wata bas ta ture shi a rami a Abuja a 2001 yana kan nasa. Minista ke nan.

Ku nemi 'yan agaji biyu ko uku, na masallaci ko na Red Cross, da akwatin magani. Ku ɗauki hayar Keke Napep guda ɗaya ya riƙa bin bayan ayari, ya kwashi wanda ya gaji da keken da ya lalace.

Mataki na biyar: ranar gyara

Jajibirin tattaki, bayan la'asar, a kafa rumfa a ce kowa ya kawo kekensa. A duba abu huɗu: birkin gaba da na baya, iskar taya, kaca, da sirdi. Kacar da ta bushe a ɗiga mata baƙin mai, wadda ta saki a ɗaure ta. Sirdi a daidaita shi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa. Yawancin yaranmu suna tuƙi gwiwa na dukan ƙirji. Keken da ba shi da birki ba ya fita, ko na ɗan mai unguwa ne. Wanda aka duba a ɗaura masa ƙyalle ko a liƙa masa lamba.

A ganina wannan yammacin ya fi tattakin kansa amfani. Kekuna talatin da aka gyara wa birki za su yi wata da watanni suna kai yara makaranta lafiya. Kuɗin da za a kashe a riguna a kashe shi a nan: robar birki, tib, gam ɗin faci, ƙararrawa, da ladan mai gyara. Kada a ce ya yi don Allah, yana da iyali. A je wurinsa a ji farashi kafin a yanka wa kowa kason karo-karo, a kuma rubuta kowace naira a littafi. Mai sayar da kayan keke ko mai gidan ruwan leda yakan taimaka idan za a ambaci sunansa a lasifika. Ɗan siyasa kuwa, ku yi tunani sau biyu. Na taɓa ganin taron yara da aka tsayar awa biyu a rana ana jiran wani babba ya zo ya yanke ƙyalle, har ƙananan suka fara kuka, da ya iso kuma fastocinsa suka rufe komai.

Mataki na shida: safiyar

A taru da ƙarfe shida, a tashi shida da rabi, kafin rana ta ɗaga da kuma kafin 'yan acaɓa su cika titi. Yaron da bai kai shekara 18 ba ya zo da izinin iyaye, a rubuta sunansa da lambar wayar gida. A yi addu'a, mai unguwa ya yi magana ta minti biyu, jami'in kiyaye haɗurra ya nuna yadda ake miƙa hannu kafin a karya kwana. Sai a jera biyu-biyu a hannun dama na titi: babba ɗaya a gaba wanda ba mai wuce shi, ƙanana a bayansa, manya a ƙarshe. A riƙa nanatawa cewa tattaki ne, ba tsere ba, domin samari za su so su nuna bajinta, a saki hannu, a ɗaga tayar gaba. Wanda ke da hular kwano ya sa. Ba goyo a kariya. A tsaya sau ɗaya a tsakiya a sha ruwa, a kuma kwashe ledojin, kada a yi bikin keke a bar wa Ranar Muhalli aiki.

Masu keken guragu a gayyace su musamman, a ba su sahun gaba, saurinsu ya zama saurin ayari. 'Yan mata kuma, in iyaye ba su saki jiki da titi ba, a shirya musu nasu a cikin harabar makaranta tare da malamai mata, a koya wa wadda ba ta iya ba. Dattawan da suka ajiye tsofaffin Raleigh da Phoenix su fito da su. Su ne za su fi jan 'yan kallo.

In an dawo, jawabi ɗaya, da Hausa, daga ma'aikacin lafiya na unguwa. Abin da zai faɗa kaɗan ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuma awa guda a kullum, kuma wanda ke zuwa aiki ko makaranta a keke ya kusa cika wannan bai sani ba. In ya zo da abin awon hawan jini, sai ka ga dattawa sun yi layi.

Mataki na bakwai: bayan an watse

Hotuna a sa a Facebook, amma ban da fuskokin yaran da iyayensu ba su yarda ba. A aika wa gidan rediyo gajeren bayani. Cikin kwana uku a koma wa mai unguwa da jami'an da suka raka ku da godiya, a kuma karanta lissafin kuɗi a gaban duk wanda ya bayar, har canjin da ya rage. Tun kafin a tashi daga filin a sa ranar fita ta gaba, ko Asabar ɗaya a wata ce, ko mutum goma ne za su zo. Da yake Ranar Muhalli na maƙwabtaka da ta keke, kuma ƙasa ta jiƙe, fitar farko za ta iya zama ta kai dashen dogonyaro makarantar da ta ba ku aron fili, kowane tsiro da sunan yaron da zai riƙa ba shi ruwa, a kuma kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Famfon iska da sifanun da aka aro a mayar wa mai faci a ranar, kafin ya rufe rumfa.