Babi na 6: Sayen Shokazoba ga Tsohuwar Bas da Aka Ɗaga

Darasi na 1

Yawancinku direbobi ne, kun fi ni sanin mota nesa ba kusa ba. Wasu daga Kwangila kuke lodi zuwa Giwa da Funtuwa, wasu hanyar Soba kuke bi. Saboda buhunan masara kun sa bakanike ya ƙara wa tsohuwar Hiace sifirin a baya, ta tashi sama.

Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Ita shokazoba aikinta ta hana motar ci gaba da rawa bayan ta faɗa rami. Ana ɗaga mota, tazarar da ke tsakanin ƙusar sama da ƙusar ƙasa, inda ake ɗaura shokazoba, sai ta ƙaru. Wadda ta zo daga kamfani ta zama wandon yaro a jikin babba: kullum a miƙe take, tana ƙwanƙwasa, robobinta na cinyewa.

Darasi na 2: Awo

A nan ake faɗuwa, saboda haka mu bi sannu. Kada kowa ya ji kunya, ba a haifi kowa da karatun tef ba.

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen fili, ba a gangara ba. Ja hambirki, sa dutse a taya. A sauke kaya. Kada a sa jak, motar ta tsaya da ƙafafunta.

Ɗauko tef. Tef lambobi iri biyu gare shi: masu faɗin tazara su ne inci, masu matsattsiyar tazara santimita. Inci 1 daidai yake da santimita 2.54, wato biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Mu da inci za mu yi aiki. Ɗora yatsa a kan layin inci yanzu, ka nuna wa na kusa da kai.

Sa bakin tef a tsakiyar ƙusar sama, ka ja zuwa tsakiyar ƙusar ƙasa. Tsakiya zuwa tsakiya. Ba gefen ƙarfe ba, ba bakin roba ba. Karanta lambar, ka rubuta nan take a littafinka. Madalla. Sake aunawa: tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ƙusa. In lambar ta sake fitowa, ka iya. In ta bambanta, ba laifi, auna na uku. Sannan ka koma ɗaya gefen, don tsohuwar mota takan karkace.

A ce ka sami 18. Rubuta 1 tukuna, sannan 8. In ka juya su sun zama 81, mai shago zai ɗauka ta jirgin ƙasa kake nema.

Motar ake aunawa, ba tsohuwar shokazoba ba. A ajin bara wani dattijo ya cire tsohuwar, ya kai Sabon Gari, ya ce a ba shi irinta sak. Aka ba shi irinta sak, gajera, ya dawo yana zagin mai shago. Na ce, Baba, mutumin nan me ya yi maka? Abin da ka tambaya ya ba ka.

Kuma don Allah ku bar auna mota da taƙi ko da igiyar ɗaurin kaya. Na faɗa, na sake faɗa, makon jiya na ga mutum uku sun zo da igiya mai ƙulli. Haba jama'a! Wata nawa muka yi muna koyon lambobi? Tef, inci, tsakiya zuwa tsakiya, a rubuta.

Darasi na 3: A shago

Tafi da tef ɗinka da littafinka. Miƙe shokazobar iyakar miƙewarta, auna daga tsakiyar zobe zuwa tsakiyar zobe. Danne ta har ƙarshe, sake aunawa. Misali ta ba da 22 a miƙe, 14 a danne. Haɗa su, 36. Raba biyu, 18. Ta dace da motar da ta ba da 18, don tana da wurin hawa da wurin sauka. In ta cika tsawo, ranar da ka yi lodi ita za ta sha dukan, ta lalace.

Dubi kanta: zobe ne ko tsinke mai zare? Ya zama irin na motarka. In 'yar Beljiyam ce, duba ko mai na tsattsafowa, in kuma ta danne ba gardama, ajiye musu abarsu.

Darasi na 4

Biyu ake canjawa tare, hagu da dama.

Darasi na 5

Akwai mai gas, akwai mai mai zalla. Mai gas ta fi jure zafi a hanya mai gargada. Sauran bayani ku tambayi bakanikenku.

Aikin gida: kowa ya zo da lambobi biyu a rubuce, na hagu da na dama.