Idan Linux ta yi gargaɗi tun wurin tashi

Ɗalibai daga Samaru da Kongo kan kawo mini kwamfuta hankali a tashe, wai wani rubutu ya gifta da WARNING kafin allo ya buɗe. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Gargaɗi ne kenel, wato zuciyar Linux, ta yi, ba mutuwa ta yi ba, shi ya sa na'urar ke ci gaba da tashi.

Da farko sake kunna ta. A allon GRUB, wato allon zaɓin da ke fitowa kafin Linux ta tashi, danna e, ka goge quiet da splash a layin da ya fara da linux, ka rubuta ignore_loglevel da earlyprintk=vga, sai Ctrl+X. Gyaran na wannan tashin ne kaɗai, ba ka ɓata komai ba.

Rubutun na gudu kamar ruwan kwata a damina, don haka ɗauki bidiyo da waya. Idan kwamfutar ta tashi, buɗe Terminal, wato inda ake rubuta umarni, ka buga journalctl -k -b don ganin saƙonnin kenel na wannan tashin.

Nan aikin yake. Nemo layin "cut here". Ƙarƙashinsa akwai sunan fayil da lambar layin da aka yi gargaɗin, sannan Call Trace, jerin ayyukan da suka kira juna; na sama shi ne na ƙarshe. Duba haruffan da ke bin kalmar Tainted da kyau: harafin P na nufin direba (manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'ura) da ba buɗaɗɗe ba ya shiga. Cire shi tukuna, don Allah, kafin ka zargi kenel.

Gargaɗin bai tafi ba? Zaɓi tsohuwar kenel a Advanced options na allon GRUB. In ta tashi lafiya, matsalar a sabuwar take. Adana rubutun duka biyun ka kwatanta.